Sawun da Ya Shiga Bai Fito Ba

Ranar Alhamis da hantsi aka buɗe akwatin katako na gidan matai, shugaban dangi, aka tarar ba tabarma. Farin ƙyallen da ake naɗe ta a ciki yana nan a linke, kwaɗo lafiya lau, mabuɗi na rataye a jikin ginshiƙi inda yake kullum. Tabarmar ce kawai ta yi ɓatan dabo. Kafin matar matai ta gama kururuwa duk Manono ta ji, don dama tsibiri ne da in ka yi atishawa a gabas za a yi maka sannu daga yamma.

Ba irin tabarmar da ake shimfiɗawa a zauna ba ce. Kakar kakarsu ta yi shekara uku tana saƙa ta, laushinta kamar zane, bakinta jere da jajayen gashin tsuntsu. Ba ta fitowa sai ran babban aure, ko babbar mutuwa, ko ran da ɗan gida ya ɗauki rai. Wannan karon rai aka ɗauka.

Ranar Litinin Tauvela, ɗan dangin nan, ya taso da jirgin fito daga gaɓar Upolu, babban tsibirin da ke ƙetare, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, wadda yake yi sau shida a rana. Ya loda buhunan siminti har jirgin ya zauna, ya ƙara mutane a kai, sannan ya hangi jirgin wani a gabansa ya ce sai ya wuce shi. Daidai mashigin da ruwa ke ja zuwa babbar teku ya karya kan jirgi da ƙarfi. Leitu, malamar firamare da ke hayowa kowace safiya daga Upolu, tana zaune a bakin jirgin da kwandon littattafanta, sai ta faɗa ruwa. An tsinci kwandon. Ita kuwa kwana uku ana nema, teku ta hana.

'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu, sun ce sai ranar kotu. Amma yayyen Leitu maza uku ba kotu suke jira ba. Suna tsaye a matsayar jirage ta ƙetare da adduna, sun rantse ko shekara nawa Tauvela zai yi a ɓoye a gidan fasto, suna nan. Abu ɗaya ya rage, wato ifoga: dangin mai laifi su haye da asuba, su zauna a ƙofar waɗanda aka yi wa ɓarna, su lulluɓe kawunansu da tabarmar girma, su sunkuya cikin rana har masu gida su ga dama su fito su yaye ta. In an yaye, an yafe, ba mai sake ɗaga adda. An sa ranar Juma'a. Ga shi Alhamis, ba abin lulluɓa.

*

Uelese ya iso gidan matai yana ture mutane da sandarsa. Shi ne mai bin sawu na tsibirin, dattijo siriri mai ɗan doro, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin aladun daji a Upolu. Yana iya duban rairayi ya gaya maka wa ya wuce, da yaushe, da ko yana cikin fushi. Kuma shi ne mahaifin Tauvela. Tun Litinin bai sa loma a bakinsa ba.

"Ku ja baya, don Allah," in ji shi. "Kun kawo ƙafafu ɗari kun tattake min wuri, sai ka ce kifi ake rabo."

Matai yana zaune jingine da ginshiƙinsa, gumi na tsiyaya daga wuyansa. "Uelese, ɗanka ne, tabarmarmu ce. Ka nemo ta kafin rana ta faɗi."

"Ranka ya daɗe, duk tsibirin nan ba wata? A ara mana mana."

"Mutanen ƙetare sun san wannan. Sun gan ta ran jana'izar tsohonmu. In muka je musu da wata, mun ce ke nan 'yarsu ba ta kai ba. Gara mu zauna gida da mu je mu ɗora zagi a kan kisa."

"Wa ya gan ta ƙarshe?"

Aka nuna Fuatino, yayarsa ciki ɗaya, wadda ita ke kula da tabarmar shekara da shekaru. Tana zaune can gefe, kanta a ƙasa. Ba ta taɓa aure ba, ba ta da yawan magana, har mutane sukan manta tana wuri.

"Yaya, yaushe rabonki da ita?"

"Jiya da rana na fito da ita ta sha iska," ta ce, ba ta ɗago ba.

Bai ƙara ba. A nan namiji ba ya tsare 'yar'uwarsa da tambaya, ba ya taka wurin kwananta, ba ya ɗaukar sunanta ya sa cikin abin kunya ko da wuƙa a wuyansa. Kuma dama jama'a sun riga sun yi masa aikin. Sunaye biyu ke yawo a bakuna: Pelenato mashayi, wanda aka gani da asuba ya nufi bakin ruwa da dogon ƙunshi a kafaɗa, da Sieni matar ɗan matai, wadda 'yar ƙetare ce kuma dangin mamaciyar.

*

Sawun Pelenato ba ya buƙatar gwani. Silifas ɗinsa na hagu da waya aka ɗaure shi, duk inda ya taka sai ya bar zane. Uelese ya bi zanen har bayan gidansa, ya same shi kwance a gindin kwakwa da tsumma a kunne.

"Af, ga dattijon aladu," in ji Pelenato. "Yau ni ne aladen?"

"Me ka ɗauka da asuba?"

"Matata. Na naɗe ta na kai ta kasuwa, ba wanda ya taya."

"Pelenato, ba ranar wasa ba ce."

Mutumin ya tashi zaune, ya jawo ƙunshin daga ƙarƙashin kwale-kwalensa ya warware. Tsohuwar tabarmar kwanciya ce, a ciki akwai ƙugiya da igiya da tabarau na nutso. Ya cire tsumman, sai ga busasshen jini a bakin kunnensa.

"Kwana huɗu ke nan ina nutso a mashigin nan ina neman gawar Leitu. Kowa ya gaji ya koma gida, ni ban gaji ba. Yarinyar nan ita kaɗai ke gaishe ni da sunana a cikin jirgi, sauran duk 'kwalba' suke ce min." Ya tofar da yawu. "Ni mashayi ne, Baba Uelese, na yarda. Amma in saci abin da za a fanshi ɗanka da shi? Haba."

Uelese ya dubi igiyar, har yanzu a jiƙe take. Kunya ta kama shi, ya juya ya tafi.

Sieni kuwa a bayan ɗakin girki ya same ta, mata sun yi mata zobe, kowace da abin da take faɗa. Ya kore su kamar kaji, ya durƙusa ya duba ƙasa. Lalle sawunta ya fita da sassafe, ya gangara har tudun da wayar hannu ke samun layi, ya dawo. Amma taku ne mai faɗi, na mai sauri hannu wofi. Wanda ya rungumi tabarmar girma ba ya tafiya haka, sai ya taƙaita taku kamar mai ɗauke da jariri.

"Wa kika kira, 'yata?"

"Babban yayan Leitu." Muryarta ta dishe. "Roƙonsa na yi ya ajiye addar nan. Ya ce in rufe masa baki, ai na zama matar masu kisa. Na dawo nan an ce ni ce munafukar da aka dasa. Baba, to ni 'yar ina ce?"

"Shiga ɗaki ki zauna," ya ce.

*

Ya biya ta gidan fasto. Tauvela yana zaune a ƙuryar ɗaki, ƙato da shi, ya dunƙule kamar wankin da aka matse. Uelese ya tsaya a kansa, yana jin kamar ya rufe shi da duka, yana kuma jin kamar ya goya shi ya gudu.

"Baba, na ji ta ɓace."

"Ta ɓace."

"To a bar ni in haye mana, su yi abin da za su yi. Ni ma na huta."

"Rufe min baki. Ka yi gaggawa ran Litinin ka ga abin da ta haifar, yau ma gaggawar za ka yi?" Ya zauna daɓas a ƙasa. "Uwarka ta tafi ta bar min kai kaɗai. Ban binne ta don in zo in binne ka ba."

Can Tauvela ya ce, "Kowa ya zo ya gan ni, har masu zagi. Gwaggo Fuatino ce kawai ba ta zo ba. Ita da ko ciwon kai na yi sai ta kwana a kaina."

"Tana da aiki," in ji Uelese. Amma ya fita da maganar tana masa nauyi a ƙirji.

*

Da azahar ruwa ya ja. Tunda ƙofar gida ta lalace da ƙafafu, sai ya bi gaɓa yana zagaya tsibirin, idonsa a ƙasa. Ya wuce coci, ya wuce makaranta inda yara ke zaune tsit ba malama, har ya kai ƙaramin lungun da ke fuskantar mashigin, inda ba mai zuwa sai mai neman itace.

A nan ya ga duwatsu huɗu. Baƙaƙe ne, kowanne kamar dunƙulen hannu, an ajiye su kusurwa huɗu a kan rairayi sama da iyakar ruwa. Tsakaninsu rairayin ya kwanta sumul, kuma da ya kwantar da kumatunsa ya duba ta gefen haske, sai ga shatin saƙa siriri wanda tabarma ɗaya ce tak ke iya barinsa. Gefe guda ga gurbin gwiwoyi biyu, sun nutse sosai. Wanda ya durƙusa nan ya daɗe.

Ɓarawo ba ya shimfiɗa abin da ya sata ya durƙusa a gabansa. Uelese ya ci gaba da dubawa. Sai ya ga wani ɗan sawu kamar ɗinkin allura ya fito daga wajen ruwa, ya ɗan karkace, ya miƙe har bakin shatin tabarmar ya tsaya. Sawun ƙaramar ƙaguwa ne. Ya zagaya gefe huɗu a kan gwiwoyinsa, ya sake zagayawa. Ƙaguwar ta hau, ba ta sauka ba.

Sau ɗaya ya taɓa ganin haka, yana yaro, lokacin da teku ta ci wani masunci ta hana gawa. Tsofaffi suka shimfiɗa ƙyalle a gaɓar da ta fi kusa da inda ya nutse, suka danne kusurwoyi da duwatsu, suna kiran sunansa. Abin da ya fara hawa, ko tururuwa ce ko fara, shi ne mamacin ya amsa, sai a naɗe shi a kai gida a binne, don kada ya yi ta yawo cikin ruwa yana jin sanyi. Fastoci ba sa so, amma ba a daina ba. Kuma bare ba ya yi, domin mamaci ba ya amsa kiran wanda ba jininsa ba.

To wane ne jinin Leitu a Manono? Sieni dangi ce ta nesa, kuma sawunta bai zo nan ba. Ya bi sawun da ya bar wurin. Ƙafa ce ba takalmi, gajeren taku, a hankali. Ƙaramin yatsan dama ya buɗe waje, tun wani yankan kwanso na ƙuruciya. Bai buƙaci na biyu ba. A kan wannan sawun ya koyi sana'arsa, yana ɗan shekara biyar yana bin yayarsa zuwa bakin ruwa.

Ya zauna a rairayi, abubuwa suka yi ta zuwa masa ba tare da ya kira su ba. Shekarar da aka ce Fuatino ta tafi Upolu aiki a gidan wani fasto, ta dawo a rame, ta ƙi duk manemanta. Shekara ashirin da shida ke nan. Da yadda tun da aka turo sabuwar malama, kullum safiya sai Fuatino ta tsaya a matsayar jirgi da kofin koko mai zafi da gasasshiyar gwaza, mutane na cewa tsufa ne da rashin abin yi. Shi da ke karanta ƙasa kamar takarda, shekara uku abin yana gabansa a tsaye bai gani ba. Ya rufe fuskarsa ya yi kukan da bai yi ba tun Litinin.

Sawun ya kai shi gidan iyayensu, inda Fuatino ke zaune ita kaɗai. Kusa da kabarin mahaifiyarsu, a ƙofar gida, akwai sabuwar ƙasa da ba ta fi tsawon kamu biyu ba, an jera mata fararen tsakuwoyi. Ya tsaya daga waje kamar yadda ya saba.

"Yaya."

Tana shara, ba ta daina ba. "Ka je ka yi aikin da aka sa ka, ƙanina."

*

Da la'asar aka busa ƙaho, dangi suka cika gidan matai. An zaunar da Pelenato da Sieni a tsakiya. Matai ya ce in ba a ji wani suna ba, gobe Sieni za ta bi jirgin farko ta koma gidansu, kada ta sake taka Manono. Mijinta ya sunkuyar da kai.

Uelese ya shigo, ya kwance bakin zanensa, ya ajiye duwatsu huɗu a gaban matai.

"Ranka ya daɗe, Pelenato gawa yake nema mana, mu muna nan muna zaginsa. Sieni kuwa ranmu ta je roƙo. A sake su."

"To wa ya sace?"

Ya faɗi abin da ya gani, lungun da shatin saƙa da gurbin gwiwoyi. Da ya zo kan ƙaguwar da ta hau ba ta sauka ba, samari suka dubi juna ba su gane ba, amma tsofaffin mata suka dafe ƙirji.

"Tabarmar tana ina yanzu?" in ji matai.

"Tana ƙasa."

"Suna nake so, Uelese. Ka ga sawu, ka san mai shi."

"Na sani, ranka ya daɗe." Ya kawar da kai. "Bakina ba zai iya ba."

Uelese mutum ne da ya taɓa tona asirin ɗan fasto a gaban fasto. Duk duniya suna ɗaya ne bakinsa ba zai iya ɗauka ba, kuma kowa a ɗakin ya san wane. Ya so ya rufa mata asiri da shirunsa, sai shirun ya nuna ta da yatsa. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya.

Fuatino ta ɗago. Idonta a bushe yake.

"Ni ce. Leitu ni na haife ta. Tana da kwana tara na miƙa ta ga Talaleu a ƙetare ta raine ta cikin 'ya'yanta maza, saboda kada a ce 'yar gidan nan ta yi abin kunya. Na rufa muku asiri shekara ashirin da shida." Ta dubi matai. "Tun Litinin kuna ta shawarar yadda za a ceci wanda ya jefa ta. Na zauna ina saurara, ko mutum ɗaya zai ce ita fa, tana ina? Ba wanda ya ce. Ban ɗauke ta ran suna ba, ban yi mata kitso ba, ba zan ga aurenta ba. Sai na ce to, ko sau ɗaya dai, 'yata za ta shiga tabarmar gidansu."

Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Matai ya buga tafin hannunsa a ƙasa.

"Fuatino, Allah ya sani na ji tausayinki. Amma ƙaguwa ce fa! Za mu bari a sassare yaro mai rai saboda ƙaguwa? Ku ɗauko shebur. A tono ta, a kakkaɓe, ba wanda zai sani."

Samari biyu suka miƙe. Uelese ya riga su bakin ƙofa, ya gitta sandarsa.

"Duk mai son haƙa, ya fara da ni."

"Ka haukace ne? Ɗanka ne fa!"

"Na san ɗana ne. Ni na yi masa wankan farko." Ya ƙara dafe sandar a bakin ƙofa. "Ɗana ya jefa ta ruwa sau ɗaya. Ba zan tono ta in jefa ta na biyu ba. Gobe zan haye da kaina a buɗe. In sara ne, ga wuyana."

Matai ya yi ta faɗa har aka busa ƙahon addu'ar yamma, ya ce shi ba zai je a yi masa dariya ba. Da asuba kuwa shi ya riga kowa isa bakin jirgi.

*

Pelenato ne ya ja jirgin, idonsa garau. Sun ɗauki itace da duwatsun gashi, kamar yadda ake yi, don a nuna wa masu gida cewa ga mu, in kun so ku gasa mu kamar aladu. Fuatino ta zauna a gaba, ba wanda ya ce ta zo, ba kuma wanda ya iya cewa ta koma. Da suka zo mashigin, Pelenato ya rage inji ba tare da an ce masa ba. Ruwan lumui yake, shuɗi, kamar bai taɓa yin komai ba. Uelese ya tsani kyansa.

Kafin rana ta fito sun zauna a kan tsakuwa a ƙofar gidan Talaleu, kawuna a sunkuye. Yayyen Leitu suka fito suka tsaya a kansu.

"Ku duba min," in ji babban. "Sun zo ifoga da ƙoƙon kai. Ina tabarmar taku da ake ta labari? Ko ƙanwarmu ba ta kai ba?"

Ba wanda ya tanka, don mai ifoga ba ya magana. Uelese yana ganin ƙafafun mutumin da bakin addar tana lilo kusa da gwiwarsa. Rana ta hau, tsakuwa ta ɗau zafi, gumi ya cika musu ido. Mutanen gari suka taru a inuwa suna kallo. Ko da masu gida sun so yafewa, ba abin da za su yaye, kuma kowa ya san haka.

Sai da rana ta take tsaka Talaleu ta fito, gajeruwar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Ta wuce matai, ta wuce Uelese, ta tsaya a gaban Fuatino.

"Ke ce."

"Ni ce."

"Ina tabarmarku?"

"Tana ƙasa, kusa da uwata. Na naɗe Leitu a ciki."

"Inna, me take cewa?" in ji babban. Talaleu ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Ta durƙusa a kan tsakuwar mai zafi har fuskokinsu suka kusa haɗuwa.

"Ni ma na yi niyyar shimfiɗa mata ƙyalle," ta ce a hankali. "Sai na ji tsoron kada in kira ta ƙi zuwa, tunda ba ni na haife ta ba. Me ya hau?"

"Ƙaguwa. 'Yar mitsitsiya."

"Ta yi saurin zuwa?"

Nan ne fuskar Fuatino ta karye. "Na yi ta kira da sunan da na sa mata a zuciyata, har gari ya waye, shiru. Sai da na kira wanda kika sa mata sannan ta zo."

Talaleu ta miƙe da ƙyar ta shiga gida. Da ta fito tana rungume da wata tabarma mai jan baki, wadda duk garin sun san ta ajiye ta ne don auren Leitu. Ta warware ta da hannunta, ta lulluɓe su ukun, matai da Uelese da Fuatino. A ƙarƙashi duhu ne da zafi. Uelese yana jin numfashin yayarsa kusa da kunnensa, yana jin kukan tsohuwar daga waje, ya daɗe, ya daɗe. Can ya ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a kan tsakuwa, sai na biyu, sai na uku. Sannan haske ya dawo.

*

Da yamma suka juyo, Talaleu na cikin jirgin, ta ce sai ta ga inda aka kwantar da 'yarta. Labari ya riga su isa. Tauvela yana tsaye a matsaya, karo na farko da ya fito waje cikin kwana biyar. Kotu na nan tana jiransa, amma zai je ta da ƙafafunsa. Da Fuatino ta sauko, ya zube a gabanta, goshinsa a kan siminti.

"Gwaggo. Gwaggo, ban sani ba."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Uelese ya ga hannunta ya ɗan motsa, irin motsin da ya saba yi in za ta shafa kan yaron, sai ya koma ya kama gefen zanenta.

"Ita ma ba ta sani ba," ta ce. "Kullum sai in ce gobe zan gaya mata."

"Yaya," in ji Uelese.

"An ba ka ɗanka, ƙanina, kuma na yi maka murna, Allah ya sani. Kai shi gida. Yau ba zan iya kallon fuskarsa ba. Gobe ma ban sani ba."

Ta kama hannun Talaleu, suka bi hanyar gidan iyayensu. Uelese ya sunkuya ya ɗago ɗansa. Ga shi da rai, da ɗumi, da nauyi a hannunsa, abin da ya kwana huɗu yana roƙon Allah ke nan. Ya riƙe shi gam, ya nemi murnar a cikin ƙirjinsa, bai same ta ba.